Gawo ya girma, ina wanzaminsa?

Duk wanda ya bar birnin Damagaram ya yi gabas, ya wuce Mirya ya shiga gonakin ƙasar Hamdara a tsakiyar rani, zai ga abin da ke ba baƙo mamaki. Ƙasa ta bushe ƙayau, an kwashe kara, ciyawa ta ƙare, amma gawo yana tsaye kore shar, gona bayan gona, har iyakar ganin ido. In ya rage sauri ya duba da kyau, zai ga abu na biyu, wanda shi kuma ba na alfahari ba ne. Ga gawon da aka sare wa kai, ya koma kamar turken shanu. Ga wanda babban reshe ya ɓalle da ɓawonsa, ya bar farin rauni mai tsawon mutum a jikin itacen. Ga wanda aka bar wa dungayen rassa birjik, kowane dungu ya ruɓe ya zama ƙofar gara. Iska ba ta da laifi a nan. Hannun mutum ne, kuma sau da yawa hannun wanda bai nufi sharri ba, aikin ne kawai bai iya ba.

Abin da nake so mu tattauna yau ke nan. A ƙasar nan mun iya raya ƙaramin itace, duniya ma ta shaida. Abin da ba mu tanada ba shi ne mai kula da itacen bayan ya manyanta.

Darajar gawo a Damagaram ba yau ta fara ba. Sarki Tanimu ɗan Sulaimanu, wanda ya kewaye Birni da ganuwa, ya kuma rasu a 1884, ana ba da labarin ya kafa doka mai tsanani a kansa, har masana gandun daji na Turai suka ɗauki labarin suka rubuta: wanda ya sare gawo a bakin ransa, wanda ya illata shi a bakin hannunsa. Ba wanda ke roƙon a dawo da takobi. Sai dai a lura da abu guda, dokar ta raba laifin gida biyu, sarewa daban, illatawa daban. Ashe tun wancan zamani an san ana iya kashe itace ba tare da an kayar da shi ba.

Bayan zuwan Faransawa a 1899, ikon itace ya riƙa sulalewa daga hannun sarki da manomi zuwa hannun gwamnati. Aka yi dokar gandun daji ta 1935, wadda ta shafi dukan ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ke mulki, sannan tamu ta ranar 4 ga Maris 1974, wadda ta jera itatuwan da ba a taɓawa sai da izini, gawo da kuka da tsamiya da maɗaci da giginya duk suna ciki. Niyya mai kyau ce, amma ta haifi abin da ba a zata ba. Manomi ya ga itacen da ke gonarsa ba nasa ba ne, abin jawo tara ne, sai ya riƙa tumɓuke shi tun yana tsiro. Mai bukatar reshe kuwa sai ya zo da dare, ko da tsakar rana sa'ad da gona ba kowa, ya yi sara cikin gaggawa yana waige-waige. Mai waige kuwa ba ya gyara sara. Wannan ɗabi'a ta saran ɓoye ita muka gada, har yau ba ta sake mu ba.

Sai farin 1973 da na 1984 suka zo, suka karantar da kowa. A Maraɗi, daga 1983, wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya yi ta jan hankalin manoma su bar tofon kututture ya tashi, su zaɓi masu ƙarfi su rage sauran, abin da yanzu muke kira sassabin zamani. A kudancin jahar Damagaram kuwa, inda jama'a ta yi yawa, gona ba ta samun hutu, takin zamani kuma ya fi ƙarfin talaka, manoma da kansu suka koma ga abin da kakanninsu suka sani, suka bar gawo ya tsira. Binciken da Mahamane Larwanou da abokan aikinsa suka fitar a 2006 ya ƙiyasta gonakin da suka farfaɗo ta haka a Magarya da Matamai da Mirya sun kai wajen hekta miliyan 1. A ƙasa baki ɗaya ana maganar hekta miliyan 5 da itatuwa miliyan 200. Doka ma ta biyo baya da rarrafe: tsarin dokokin karkara na 1993, sabuwar dokar gandun daji ta 2004, sannan ta ranar 30 ga Yuli 2020 wadda ta amince wa manomi da cin moriyar itatuwan da ya raya a gonarsa.

To, a yi lissafi. Tsiron da aka bari a 1985 ya cika shekara 40 a 2025, masana kuwa suna ba gawo shekara 70 zuwa 90. Wato miliyoyin itatuwan nan tsara ɗaya ne, kamar yaran da aka yi wa kaciya rana guda, tare suka girma, tare kuma za su tsufa. Ba sai na tsaya ina gaya wa ɗan Damagaram amfanin gawo ba, itacen da ke zubar da ganye da damina ya bar wa hatsi rana, ya takince ƙasar da ke ƙarƙashinsa, ya yi ganye da rani, ya ba da ƴaƴan da ake aunawa a kasuwa kamar hatsi. Abin tambaya shi ne wa zai riƙe wannan dukiya a rabin rayuwarta na biyu. Sassabin zamani aikin wuƙa ne da adda, mutum yana tsaye a ƙasa, reshen bai wuce kaurin yatsa ko damtse ba, yaro ma yana iyawa. Gawo mai shekara 40, wanda ya ninka tsawon soro, wanda reshensa guda ya fi jaki nauyi, wannan wata sana'a ce daban.

A Turai da Amurka sana'ar tana da masu ita, da makarantunta, da takardar shaida. A Ingila sunan da suke kiran mai yin ta yana nufin likitan fiɗa na itace. A Faransa akwai takarda ta musamman da ake ba mai hawan itace da igiya bayan ya koyi yanka da jinya. Ni dai da Hausa zan kira shi wanzamin itace, don aikinsa ya fi kama da na wanzami: aski, da cire abin da ya lalace, da sanin inda aska ba ta taɓawa. Su ma Turawan ba su daɗe da gane gaskiyar al'amarin ba. Sun yi shekaru suna shafe reshe daidai da jikin itace, su shafa kwalta ko fenti, su cika kogo da siminti, a ganinsu magani suke yi. Wani Ba'amurke, Alex Shigo, masani a ma'aikatar gandun daji ta gwamnatin ƙasarsu, wanda ya rasu a 2006, shi ne ya tsaga dubban itatuwa a tsaye da zarton inji don ya ga abin da ke faruwa a ciki bayan rauni. Bayanin da ya fitar a 1977 ya juya sana'ar gaba ɗaya.

Ga abin da ya gani. Itace ba ya warkewa yadda jikin mutum ke warkewa, naman da aka yanka ba ya komawa. Abin da yake yi shi ne ya gina katanga a cikin jikinsa, ya killace wurin da ruɓa ta shiga don kada ta ci gaba, sannan ya yi sabon nama daga gefe ya riƙa rufe bakin raunin shekara bisa shekara. A gindin kowane reshe akwai irin wannan katanga da itacen ya tanada tun farko, a daidai inda za ka ga ɗan kumburi ya kewaye reshen kamar awarwaro. In aka yanka a bakin kumburin nan ta waje, aka bar shi lafiya, raunin yakan rufe sumul. In aka shafe shi don a ga jikin itace ya yi santsi, an rushe katangar, ruɓa ta sami hanya zuwa zuciyar itacen. In kuma aka bar dungu mai tsawo, sabon nama ba zai iya hawa kansa ya rufe ba, sai dungun ya bushe, ruwan damina ya shiga, gara ta biyo baya. Tsakanin gyara da ɓarna bai fi faɗin yatsa biyu ba.

Babban reshe kuma ba a sauke shi da yanka ɗaya. Wanda ya fara daga sama, kafin ya gama nauyin reshen ya rinjaya, ya karye ya fizgo ɓawo har ƙasa, asalin dogon farin raunin nan ke nan. Gwani yakan fara ta ƙasan reshen, kamar kamu ɗaya daga jikin itacen, ya shiga sulusin kaurinsa. Sannan ya koma ta sama, gaba kaɗan da wancan, ya yanka har reshen ya faɗi, in ɓawo ya zo yagewa sai ya tsaya a yankan farko. Na uku shi ne na cire dungun da ya rage, a bakin kumburin, kuma da zarto ake yinsa, domin gatari da barandami suna barin baki kaca-kaca mai riƙe ruwa. In reshen yana bisa rumfa ko katanga ko wayar wuta, sai a ɗaure shi da igiya a sauke shi gunduwa-gunduwa. Bayan haka ba a shafa kome. Baƙin man mota da wasu ke shafawa ba ya hana ruɓa, sai ma ya cuci naman da zai rufe raunin.

Sai maganar yawa. Ganye shi ne tukunyar itace, can yake dafa abincinsa. Ƙa'idar masu sana'ar ita ce kada a raba itace da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ganyensa a shekara guda, tsoho kuwa ko hakan ya yi masa yawa. Mafi munin aski shi ne sare kai gaba ɗaya. Itacen yakan firgita ya fitar da tofo barkatai, mai shi ya ce ai ga shi nan ya ƙara kyau. Amma tofon nan a fatar itace kawai yake manne, a bakin raunin da ke ruɓewa. In ya yi ƴan shekaru ya yi nauyi, iskar hadarin farkon damina ta taso, shi ne ke faɗo wa mutane. Wanda ya sare kan itace don tsoron kada ya faɗo, ya sayi haɗarin da kuɗinsa, sai dai ba nan take ake kawo masa kayan ba.

Ba kowane yanka ne cuta ba, akwai wanda itacen da kansa yake roƙo. Reshen da ya bushe, da rassa biyu da ke gugar juna har ɓawo ya saɓule, da wanda kauci ya kama. Kauci tsuntsu ke shuka shi, ya kafa saiwa cikin reshe yana shan ruwan itacen. Tsinke ganyensa aikin banza ne, sai an cire reshen daga ƙasa da inda ya kama.

Me ya sa mugun aski ya fi yawa? Rashin sani yana ciki, amma akwai wani dalili da ƴan kasuwa za su fi kowa ganewa, wato yadda ake biyan lada. Sau da yawa mai gida ko shugaban ma'aikata ba ya fitar da ko dala. Yakan ce wa mai gatari: hau ka rage, abin da ka sauke naka ne. Wa zai ga laifin wannan bawan Allah in ya sauke rabin itacen? An ɗaure ladansa da nauyin abin da ya yanka. Da a ce wanzami da awon abin da ya cire ake biyansa, da ba wanda zai tashi daga gabansa da kunne.

A karkara kuwa maganar takan koma kan makiyaya. Gaskiya ne daga watan Maris zuwa saukar ruwa, lokacin da dabba ba ta da abin sa wa a baki, ganyen gawo ne ke tsakanin garke da mutuwa, kuma gaskiya ne ana hawa da barandami a gonar da ba ta mai hawan ba. Rigimar da ke biyo baya ta kai mutane da yawa gaban mai gari da jandarma. Amma mu faɗi gaskiya ko da a kanmu ne, manoma ma yanzu masu kiwo ne, ragon layya da san turke na cikin gida su ma gawon suke ci. Hana yanka ɗungurungum ba zai yiwu ba, ba ma shi ne daidai ba. A ƙauyukan Faransa akwai itatuwan da aka yi ɗaruruwan shekaru ana aske su don abincin dabbobi da makamashi, suna nan da ransu. Sirrin shi ne tun itacen yana ƙarami ake farawa, kullum a wuri ɗaya ake yanka, ƙananan rassa ake ɗauka, kuma ana barin shekaru tsakani. Ba ma sai mun je Faransa ba. Masu kuka a Mirya, waɗanda kukarsu ke cika kasuwanni, sun san yadda ake ɗibar ganye kowace shekara kukar ta ci gaba da bayarwa. Sai dai kuka mai haƙuri ce, ko ɓawonta aka saɓule don igiya takan yi wani. Gawo da maɗaci da tsamiya ba su da wannan baiwa, in aka kewaye ɓawonsu an gama da su. Gawon da aka yi wa mugun aski kuma yakan daɗe bai ba da ƴaƴan kirki ba. Mai yanka ya ci ganyen mako guda, ya hana kansa da mai gona buhunan ƴaƴa na shekaru.

Mu dawo cikin gari, inda mafi yawan masu karanta wannan fili suke. Dogon yaro da maɗacin da ke farfajiyar ma'aikatu da makarantu da asibitoci da bakin kasuwa, da yawansu sun girmi waɗanda ke zama ƙarƙashinsu. Su ba ta sama kaɗai ake cutarsu ba. Mafi yawan saiwoyin da irin waɗannan itatuwa ke ci da sha da su suna kusa da fuskar ƙasa, kuma suna miƙewa har su wuce iyakar inuwa. Ɗan kasuwa ya gina shago ya malala siminti har wuyan itace, an haƙa ramin famfo ko lambatu an datse saiwoyin gefe guda, mai shayi ya kafa murhu a gindi, an tara shara an cinna wuta, mai neman sassaƙen magani ya bi maɗaci ya feɗe shi iyakar inda hannunsa ya kai. Itace ba ya nuna ciwo ranar. Sai bayan shekara uku ko huɗu kai ya fara bushewa, a ce tsufa ne.

Wanda ya san aiki, kafin ya hau sai ya kewaya gindi. Ya duba ko ƙasa ta ɗaga ta gefe guda, ko naman kaza ya fito a jikin itacen, ko akwai tsaga a inda manyan rassa biyu suka rabu, ya ƙwanƙwasa ya ji ko kogo ne. Kogo shi kaɗai ba hukuncin kisa ba ne, itace yana iya rayuwa da shi shekaru da yawa in bangon da ya kewaye shi mai kauri ne. Wani lokaci shawararsa a rage nauyin reshe guda, wani lokaci a matsar da rumfa a bar itacen. Wani lokaci kuma ya ce wannan ya gama, a sauke shi kafin ya sauke kansa a kan ƴan makaranta. Mai faɗin wannan na ƙarshe, dole ya zama wanda ba shi ne zai kwashe itacen ba.

Tun 1975, kowace ranar 3 ga Ogusta manya suna dasa itace a gaban jama'a. Madalla. Amma dashen da ya rayu zai yi shekaru masu yawa kafin ya ba da inuwar da tsohon da ke bayan biro yake bayarwa yau. Masu riƙon ƙananan hukumominmu su buɗe kasafin kuɗinsu su duba, nawa aka ware wa dashe, nawa aka ware wa tsohon.

Masu hawa muna da su. Ƙauyukan Hamdara da Mirya cike suke da samarin da ke hawa gawo da ƙayarsa, ba tsani ba igiya, rai a hannun Allah. Abin da suka rasa koyarwa ce, da kayan aiki, da suna. Ƴan makonni sun isa a nuna wa mai hawa yanka uku da ɗaurin igiya da duban gindi, sauran kuma hannu ne ke koya. Makarantar IPDR ta Kollo tana horar da ma'aikatan gandun daji, su kuma za su iya zama malamai. Cibiyoyin koyon sana'a na ƙananan hukumomi, inda ake koyar da ɗinki da walda da aikin kafinta, me zai hana su ƙara wannan? Asusun FAFPA ai don koyar da sana'a aka kafa shi. Zarton hannu, da igiya mai ƙarfi, da ɗamarar ɗaure ƙugu, da hular kwano, ƴan kasuwarmu masu zuwa Kano za su kawo su ranar da suka ga mai saye. Zarton inji kam a yi hattara da shi, a hannun wanda bai koya ba yana ɓata a ƴan mintoci abin da gatari zai yini bai ɓata ba.

In aka sami irin waɗannan samari da takardarsu, ma'aikacin gandun daji zai sami abin da zai miƙa wa manomi banda takardar tara: ga izini, ga kuma wanda zai hau. Manomi da makiyayi, waɗanda tun kaka da kakanni suke musayar kara da taki, za su iya zama gaban mai gari su shirya a kan ganye ma, wane itace, waɗanne rassa, bayan ƴaƴa sun gama zuba, da rana tsaka kowa yana gani. Wanzamai suna da Sarkin Aska mai tsawata wa wanda ya ɓata sana'a. Masarauta da ta taɓa kare gawo da takobi ba za ta rasa rawanin da za ta naɗa wa shugaban masu gyaransa ba.

Kafin a kai can, kai ɗan kasuwa ko ma'aikaci mai gona a ƙasar Hamdara, ko mai tsohon itace a ƙofar shago, akwai abin da ke hannunka. Ka biya mai yanka da kuɗi a kan aikin yini, abin da aka sauke kuma ya zama naka. Ka nuna rassan da za a cire tun kafin a hau, ka shafa musu toka ko alli, ka tsaya har a gama. In damina biyu ta wuce ka koma ka duba bakin yankan. In ka ga sabon nama ya kewaye shi zobe cikakke, ka riƙe wannan yaro, ka gaya wa maƙwabta sunansa. In ka ga ta gefe biyu kaɗai naman ya taso, sama da ƙasa babu, to an shafe kumburin, baɗi ka nemi wani.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.